Wuƙar Japan a kicin ɗin Legas: wane ƙarfe zan saya?

ƊanObalende ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san wuƙa suka san ƙarfe.

Ni da sana'ar tsire na taso, a teburin kawuna a Obalende, daga baya Allah ya sa na samu aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Victoria Island. Yanzu kifi ne a hannuna. Duk kifin da ya shigo da safe ni ke kankare shi, in cire kai, in raba tsoka da ƙaya, in miƙa wa mai yanka. Muna yin abincin Japan, har da ɗanyen kifin nan da ake yankawa siriri-siriri a jera a faranti.

Ogan kicin ɗinmu yana da wata doguwar wuƙa da ya ce sunanta yanagiba, ba ya barin kowa ya taɓa ta. In ya ɗora ta a kan tsokar kifi ya ja sau ɗaya, fuskar yankan sai ta fito sumul tana sheƙi. Ni kuwa in na yanka da wuƙar da aka raba mana, tsokar sai ta ɗan tuje, ruwa ya riƙa fitowa. Hannunsa gwani ne, babu ja, amma wuƙar ma da nata a ciki.

To yanzu wani abokin oga zai je Osaka wata mai zuwa, kuma ya yarda ya sayo mini in na ba shi kuɗi da sunan abin da nake so. Na jima ina tara kuɗin nan, kuma na wuƙa ɗaya ne, ba biyu ba. Da na shiga intanet sai kaina ya ɗaure. Wannan a ce shirogami, waccan aogami, wata VG-10, wata ginsan. Wasu suna cewa akwai wadda in ka bar ta da danshi kafin ka idar da salla ta fara tsatsa. Kun dai san Legas, a Island kwaɗon ƙofa ma tsatsa yake yi, balle in damina ta kankama.

Wace wuƙa zan fara da ita, kuma wane ƙarfe ne zai jure mana a nan? Sannan gaskiya ne da ƙarfen takobin samurai, mayaƙan Japan na dā, ake yin su, ko zancen 'yan talla ne?

Kukun Ikoyi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a neman. Na daɗe a wannan aiki, na yi otal a Abuja kafin in dawo Legas, kuma da wuƙaƙen nan nake aiki kullum. Maganata ta farko ba za ta yi maka daɗi ba: kada ka sayi yanagiba yanzu.

Duba aikin da ka lissafa da kanka. Cire kai, raba tsoka da ƙaya. Wannan aikin deba ne. Mutanen Japan kowace wuƙa sun ba ta aikinta guda. Yanagiba doguwa ce siririya, milimita 270 zuwa 300 galibi, an yi ta don a ja ta sau ɗaya daga gindi zuwa tsini a kan tsokar da babu ƙaya ko ɗaya a cikinta. Ranar da ta haɗu da ƙashin bayan kifi, ranar za ka ga giɓi a bakinta. Deba kuwa gajeriya ce mai nauyi, bayanta kauri gare shi, da gindinta ake datse kan kifi, da tsininta ake bin ƙashin baya ana ɗaga tsoka. Ta uku ita ce usuba, ta kayan lambu. Su ukun nan ne kayan aikin kukun gargajiya a can. Kai a matakin deba kake, kuma shi mai yanka ba zai taɓa fitar da yanka mai kyau ba in wanda ya fere masa kifin ya riga ya farfasa tsokar. Rabin sheƙin da kake gani a farantin oga daga teburinka yake farawa.

Dukkansu gefe ɗaya ake wasa su. Ɗaya gefen kamar a miƙe yake, amma in ka kara shi a haske za ka ga an ɗan ƙwaƙule tsakiyarsa ya yi kwarmi kaɗan. Wannan kwarmin ke hana tsoka manne wa wuƙa, shi kuma ke sa bakin ya yi siririn da wuƙar Turawa mai wasin gefe biyu ba ta kaiwa.

Sai ƙarfe. Yawancin sunayen da suka ɗaure maka kai na kamfani ɗaya ne, Hitachi Metals, wanda tun 2023 ya koma Proterial, masana'antarsu tana garin Yasugi a lardin Shimane. Shirogami farar takarda ke nan, aogami shuɗiyar takarda. Launin takardar da ake liƙa wa ƙarfen don a bambanta shi ne ya zama suna, shi ƙarfen kansa ba fari ba ne ba shuɗi ba.

Farar takarda ƙarfe ne da kabon, kusan babu komai kuma, an tace shi sosai. Mai lamba 2 kabon ɗinsa wajen kashi 1.1 cikin 100 ne, mai lamba 1 wajen 1.3. Wuƙaƙen Jamus da aka saba gani a kicin ɗin otal nasu wajen 0.5 ne. Shi ya sa a ma'aunin tauri na Rockwell ta Jamus ke tsayawa a 56 zuwa 58, ta Japan kuwa ta haura 60, wata har 64. Taurin nan shi ne komai, alherinsa da sharrinsa. Saboda shi ake iya wasa bakin ya yi siriri ƙwarai kuma ya tsaya bai kwanta ba. Saboda shi kuma in ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa ba ya lanƙwasa, ɓantarewa yake yi kamar bakin kofin tangaran.

Shuɗiyar takarda ita ce farar, aka ƙara mata wasu ƙarafa biyu, tangistin kashi 1 zuwa 2 da ɗan kuromiyam da bai wuce rabin kashi ɗaya ba. Kaifinta ya fi daɗewa, amma ta fi cin lokaci a kan dutse, ta kuma fi tsada. Kada ka ji an ce akwai kuromiyam ka ɗauka ba ta tsatsa. Tana yi. Sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 zuwa sama kafin a kira ƙarfe marar tsatsa.

Ginsan shi ne marar tsatsa na kamfanin nan na Yasugi, kuromiyam wajen kashi 13 zuwa 14, kabon wajen kashi 1. A kan dutse yana ba da kai kusan kamar farar takarda, shi ya sa kukun da ba ya son tsatsa amma yana son wuƙar gargajiya ke zuwa wajensa. VG-10 na wani kamfani ne daban, Takefu a lardin Fukui, kuromiyam wajen kashi 15 da ɗan kobal. Ƙarfe ne mai kyau, an fi samunsa a wuƙaƙen masana'anta masu wasin gefe biyu. Ni dai ba na jin daɗin wasa shi, ɗan gashin ƙarfen da ke tashi a bakin in ana wasi yana da taurin kai wajen fita.

Da ni ne kai, deba mai milimita 180 zan saya, farar takarda mai lamba 2. Dalilina shi ne kai mai koyo ne, kuma mai koyon deba dole ya ji mata ciwo, dole ya gyara. Farar takarda ta fi kowane ƙarfe sauƙin gyara. Kana ɗora ta a dutse za ka ji tana ci, cikin ɗan lokaci ka ga sakamakon hannunka, in ka karkace ta nuna maka nan take. Da ita na koyi wasi, kuma duk yaron da ya zo ƙarƙashina da ita nake fara masa. Ta kuma fi sauran araha, ka ga kuɗin dutse ya fito.

Batun tsatsa gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Ruwan kifi, gishiri, lemun tsami, iskar teku, duk abokan gabanta ne. Amma abin da na gani a Legas shi ne wuƙar da aka ajiye ce ke ruɓewa, wadda ke hannu kullum ba ta samun sukunin yin tsatsa. Ina ajiye tawul biyu a teburina, jiƙaƙƙe da busasshe. Ina gama kifi ɗaya in goge da wannan, in bi da wancan. In an tashi aiki in wanke da sabulu, in ɗauraye da ruwan zafi don ta bushe da wuri, in shafa mata ɗigon mai, in naɗe ta a tsohuwar jarida. A Japan man 'ya'yan wata bishiya, tsubaki, suke shafawa. A nan farin man nan marar ƙamshi da ake samu a kyamis, wanda ya halatta a taɓa abinci da shi, ya wadatar. Man gyaɗa da manja ka bar su, daɗewa suna yin danƙo. Kada kuma ka mayar da ita kuben katako da sauran danshi a jikinta, musamman daga Yuni zuwa Yuli.

Bayan 'yan makonni za ka ga ta sauya launi, ta yi toka-toka da shuɗi-shuɗi. Ba lalacewa ba ne, kada ka kankare, wannan fatar ma kare ta take yi. Jar tsatsa mai gautsi ita ce ake gudu.

Tunda Osaka zai je, ka yi sa'a. Garin Sakai yana manne da Osaka ta kudu, kuma nan ne gidan wuƙaƙen gefe ɗaya. Sun yi suna tun ƙarni na 16 da wuƙar yanka ganyen taba, bayan 'yan Fotugal sun kai taba Japan, har gwamnatin Tokugawa ta ba su hatimi na musamman. Har gobe a can aikin a rabe yake: maƙeri daban, mai wasi daban, mai sa ƙota daban, kowa ya ƙare rayuwarsa a kan nasa. In bai samu zuwa Sakai ba, a cikin Osaka kusa da Namba akwai layin Doguyasuji, kayan kicin zalla ake sayarwa.

Jikan Maƙera, Agege ya amsa:

Salamu alaikum. Yaya Kuku ya gama magana a kan wuƙa, bari in ɗauki tambayar takobi, don ita ta taɓa ni. Kakana maƙerin baƙi ne a Kano, na ja masa zuga-zugi ina yaro, yanzu kuma walda da aikin ƙarfe nake yi a nan.

Amsa a taƙaice: a'a. Ƙarfen takobi sunansa tamahagane. Daga baƙin yashi mai ƙarfe ake fitar da shi, a cikin wani murhun yumɓu da suke kira tatara. Ana zuba yashi, a zuba gawayi, a zuba yashi, a zuba gawayi, kwana uku dare da rana wuta ba ta mutuwa, sannan a fasa murhun a jawo curin ƙarfen a farfasa a tantance. Wannan sana'a ta kusa ɓacewa, sai a 1977 aka farfaɗo da murhu guda a Okuizumo, lardin Shimane, ana kunna shi da hunturu, abin da ya fito kuma maƙeran takobi ake raba wa. Wuƙar kicin da aka yi da shi tana da wuyar samu ƙwarai, kuɗinta kuma ba na irinmu ba ne. Duk wanda ya nuna maka wuƙa a intanet a kan kuɗi kaɗan ya ce ƙarfen samurai ce, ka riƙe kuɗinka.

Amma akwai dangantaka ta gaskiya. Yasugi ɗin da Yaya ya ambata a wannan lardin take, kuma masana'antar daga harkar masu tatara ta samo tushe. Sannan a 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa suka rasa masu saye, suka koma ƙera wuƙa da almakashi da kayan noma. Garin Seki a lardin Gifu, da aka sani da takobi tun ɗaruruwan shekaru, yau wuƙar kicin da reza yake fitarwa. Hannun ne aka gada, ƙarfen na zamani ne.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne haɗa ƙarfe biyu. Debar da za a sayo maka ba farar takarda ba ce gaba ɗayanta. Ɗan falle ne na ƙarfe mai tauri aka ɗora a kan baƙin ƙarfe mai laushi, aka sa a wuta aka doke su suka zama ɗaya. Mai taurin shi ne baki, mai laushin shi ne jiki, yana shanye bugu, yana kuma sauƙaƙa wasi tunda yawancin abin da dutse zai ci mai laushi ne. In ka duba za ka ga layin da suka haɗu, sama da shi ya yi dishi-dishi, ƙasa yana ƙyalli. Wannan ita ce kasumi. Akwai honyaki, wadda ƙarfe mai tauri ne zalla, a shafa wa bayanta yumɓu kafin a tsoma ta a ruwa don baki ya yi tauri baya ya rage laushi, yadda ake yi wa takobi. Da yawa suna tsagewa a wajen tsomawa, shi ya sa take tsada. Ba ta mai koyo ba ce.

Yanzu ga gargaɗina, kuma don shi na shigo. Don Allah kada ka kai wuƙar nan wajen masu wasi da inji a kasuwa. Maƙeri yana kai ƙarfen nan kusan digiri 800 ya tsoma a ruwa, sannan ya mayar da shi wuta kaɗan, ƙasa da digiri 200, don ya rage masa gautsi. Busasshen dutsen inji, wanda kake ganin tartsatsi na tashi, yana wuce wannan zafin a bakin wuƙa cikin ƙiftawar ido. In bakin ya yi shuɗi a wajen, taurin ya tafi, kuma ba ya dawowa sai an cinye wurin gaba ɗaya. A Sakai ma da babban dutse mai juyawa suke aiki, amma ruwa na kwarara a kansa.

Kuma kada son ta Japan ya sa ka raina tamu. Barhon da maƙeranmu ke bugawa daga sifirin ɗin mota, kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 ne, bai kai nasu tauri ba amma ya fi nasu juriya nesa ba kusa ba. Je ka mayankar Oko-Oba ka ga abin da mahauta ke yi da shi tun asuba, haƙarƙari, gaɓa, jijiya. Deba ba za ta yi awa guda a wannan aikin ba. Ranar da aka ce ka sara kaza ko ƙashin rago, barhonka na teburin tsire shi za ka ɗauko.

Uwargidan Surulere ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni girkin biki da suna nake yi, ina da 'yan mata da ke taya ni, kuma ban yarda da Malam Kuku a kan farar takarda ba.

Malam, kai babba ne a kicin ɗinka. In ka ajiye wuƙa babu mai ɗauka. Wannan bawan Allah a ƙasa yake. Oga zai ƙwala masa kira yana tsakiyar fere kifi, ya saki wuƙa ya ruga, kafin ya dawo wani ya ɗauka ya yanka lemun tsami, ko mai wanke-wanke ya kwashe ta ya jefa a ruwan kumfa da sauran cokula. Laifin wa za a ce? Ina da nakiri ta kayan miya da 'yata ta kawo mini tsaraba, irin ƙarfen nan ne mai tsatsa. Kaifi kam ban taɓa riƙe irinsa ba, albasa ba ta ma sa ni hawaye sosai in da ita na yanka. Amma ranar aiki ba na fito da ita, don ba zan iya tsare ta in tsare tukunya goma ba. Wuƙar da na fi so ita ce wadda na fi ƙarancin amfani da ita, kuma wannan asara ce.

Wadda ke yi mini aiki kullum santoku ce, wuƙar Japan ta kowane aiki, marar tsatsa. Ita ma ina gogewa, amma in an manta da ita rabin awa babu abin da zai same ta. Ɗana, kuɗin wuƙa ɗaya ka ce kana da shi. Ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka sayi ginsan ɗin nan, hankalinka ya kwanta. Mutanen Japan da suka ƙirƙiro shi ai su ma a bakin teku suke, sun san abin da suka gani.

Abu ɗaya da babu wanda ya faɗa: kifin firiza. Taitus ko kuroka da bai gama narkewa ba yana ɓantare bakin wuƙar nan ko wane ƙarfe ne. Haka katakon yanka na gilashi ko tayil. Katako ko roba mai laushi kawai.

ƊanObalende ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Kuku, na haƙura da yanagiba, deba zan saya. Hajiya, maganarki ta shige ni, don yadda kika kwatanta haka kicin ɗinmu yake, ranar Juma'a da dare ba ka sanin inda hannunka yake balle wuƙarka. Malam Jikan Maƙera, barhona yana nan, kawuna ne ya ba ni, ba zan rabu da shi ba.

Amma da Yaya ya ce gefe ɗaya ake wasa su sai gabana ya faɗi. Ni bahago ne. Ci da rubutu da dama nake yi, an hore ni a kai tun ina ƙarami, amma wuƙa da hagu nake riƙewa, kuma a kan tsire haka hannuna ya saba. Wannan zai hana? Sannan wane dutse zan ce a haɗo mini da shi?

Kukun Ikoyi ya amsa:

Alhamdu lillahi da ka faɗa kafin kuɗi su bar hannunka. Zai hana mana. Debar da ke kan kanta a shago ta na-dama ce, wasin yana gefen dama, kwarmin yana hagu. In ka riƙe ta da hagu za ta riƙa gudu daga ƙashin tana shiga cikin tsoka, ka yi ta barin nama a jikin ƙaya kana zargin hannunka. Kuma ba a juya ta, don ƙarfe mai taurin a gefe ɗaya aka manna shi tun a maƙera.

Ana yin ta bahagwai, amma kaɗan ake bugawa, ta fi tsada sosai, wani lokaci sai an yi oda an jira. Saboda haka kada mutumin nan ya bari sai ya isa. Tun yanzu a tura wa shago saƙo a tambaya ko akwai. Kalmar da zai nuna musu ita ce hidari, hagu ke nan. Ka duba ƙota ma. Ƙotarsu ta katakon wata bishiya ce da suke kira ho, da zoben ƙahon ɓauna a wuya, wata an yi mata tudu a gefe ɗaya don ta zauna a tafin hannun dama. Ka ce a ba ka mai kusurwa takwas, ita kowane hannu tana karɓa. Wani zai ce ka koya da dama kawai. Ni ban ba ka wannan shawarar ba. Hannun da ya yi shekaru yana fere nama siriri don tsire ya riga ya san abin da ba a koyarwa, kada ka zubar da shi.

Hajiya, na ji, kuma kina da gaskiya a kan kicin ɗin da ba kai ke da iko da shi ba. Inda na tsaya shi ne ta bahago a ginsan za ta fi wuyar samu, kuɗin kuma zai hau sau biyu, na hagu da na ƙarfe. Ƙanena, ka rubuta masa haka: zaɓi na farko deba hidari 180 ginsan, in kuɗin sun kai har da dutse. In ba su kai ba, shirogami lamba 2. Kada a rage dutse don a cika kuɗin ƙarfe. In kuma ta hagu ta gagara sam, akwai yo-deba, mai wasin gefe biyu da ƙota irin ta Turawa, sai dai a tambaya ko wasin nata daidai yake a gefen biyu, don wasu ana karkata su dama.

Dutse biyu kake buƙata, na ruwa. Mai lamba 1000 shi ne mai kaushi na aiki, mai 5000 ko 6000 shi ne mai laushi na gamawa. Akwai mai fuska biyu a haɗe, ya fi araha, ya isa mai farawa. Na 1000 ka jiƙa shi har kumfa ta daina fitowa. Ka kwantar da faffaɗan gefen wasin gaba ɗaya a kan dutse, shi da kansa zai ba ka kusurwa, ba sai ka yi ta lissafi ba. Ka yi ta turawa har ka ji ɗan gashi ya taso a bayan bakin tun daga gindi har tsini. Sai ka koma dutse mai laushi ka maimaita, sannan ka juya bayan, ka kwantar da shi shamɓal, ka shafa sau kaɗan da hannu marar nauyi. Bayan nan a dutse mai laushi kaɗai ake taɓa shi, in ka cinye shi da mai kaushi kwarmin zai shafe. Wajen gindi, inda kake datse kai, ka ɗan ɗaga wuƙar ka yi masa 'yar kusurwa mai kauri, zai rage ɓantarewa. Sandar ƙarfen nan da mahauta ke karta wuƙa a kai kada ta kusance ta. Dutsen ma yana yin rami a tsakiya da amfani, sai ka riƙa daidaita shi da takardar yashi a kan gilashi mai kauri.

Ka fara gwadawa a kan karfasa ko kuroka kafin ka taɓa kifin oga mai tsada. Tarwada ka bari sai hannunka ya zauna, ƙashin kanta yana da tauri. Ka kuma tuna wa mai tafiyar ya sa ta a jakar da ake lodawa a cikin jirgi, ba ta hannu ba, da rasit ɗinta a cikin kwalin. In ta iso ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Litinin ba na aiki, sai ka zo da ita da dutsen mu buɗe mata baki tare.